Amsar da Kaneo Ya Goge

Duk wanda ya san Kaneo Mizutani da tsufansa, mai gyaran lambu ya sani, siririn dattijo mai tsohuwar mota cike da tsintsiya da almakashi. Kirkinsa har ya yi yawa. Abu ɗaya ne ba ya yi wa kowa, shi ne cika takarda. Ko matarsa Chiyeko ce ta miƙo masa takardar asibiti, sai ya ce idonsa ba ya gani. Idon nan kuwa garau yake, daga bakin ƙofa yake hango tsutsa a bayan ganye. Mu da muka yi zaman sansani da shi mun san dalili, ba ma dai faɗa.

A California aka haife shi, a gonar kayan miya. Yana ɗan shekara tara iyayensa suka rasu, sai Tokuji Imahara, wanda suka fito ƙauye ɗaya da ubansa a Japan, ya ɗauke shi ya haɗa da ɗansa tilo, Haruo. Kwano ɗaya suka ci, sanda ɗaya ta dake su. Kaneo ya kama boko, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Haruo kuwa ya taso da zafin kai, ba a taka shi ya yi shiru.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Japan aka kwashe mu Japanawa gaba ɗaya, haihuwar Amurka da haihuwar Japan, kowa da lamba rataye a riga kamar buhun dankali, aka zube mu a wani fili mai sanyin tsiya a bayan waya mai ƙaya. Hukumar sansani ta nemi masu jin harshe biyu, Kaneo ya samu tebur kusa da murhun ofis. Maganar gaskiya, ya ji daɗin teburin nan. Baturen ofis ya ce sunansa na da wuyar faɗa, ya mai da shi Ken, shi kuma yana amsawa har da murmushi.

"Ga karen ofis nan," in ji Haruo in sun haɗu a layin abinci. "Yau me suka jefa maka, ƙashi ko tsoka?"

"Kai dai ci shinkafarka. Ba don karen ba, da wa ya samo muku gawayi?"

"To Allah ya ƙara wa wutsiyarka tsawo."

A lokacin wasa ne, har dariya suke yi.

A shekara ta biyu gwamnati ta aiko da takardar tambayoyi, kowane baligi sai ya amsa. Mai zafin cikinsu ita ce: ka yarda ka yi wa Amurka mubaya'a, ka kuma rabu da sarkin Japan? Haruo, wanda ya riga ya yi aure ya samu lambar iyalinsa daban, ya cika tasa da hannunsa. A'a ya rubuta, ya ce ba a kulle mutum sannan a tambaye shi ƙauna.

Tokuji ba ya karatun Turanci, don haka ya zo teburin Kaneo, ya cire hula, ya zauna a gefen kujera.

"Baba, ka ce eh kawai, a wuce wurin."

"Yaro, shekara arba'in ina noma musu ƙasa, dokarsu ta ce ba zan taɓa zama ɗan ƙasa ba. In na saki waccan ma, ni ɗan ina ne? Kuma ɗan'uwanka ya ce a'a. Inda za a kai shi, can za a kai ni. Rubuta a'a."

Kaneo ya rubuta da fensir, tsohon ya sa hannu inda aka nuna masa, ya sunkuya ya yi godiya ya fita.

Shi kuwa Kaneo ya riga ya tsinci magana a ofis cewa masu a'a za a ware su a kai su wani sansani mai tsanani, mai sojoji da yawa. Ya tuna tarin da tsohon ke yi. Ya gaya wa kansa cewa shi ya san abin da Turawa ke nufi, tsohon bai sani ba. Da aka fita cin abincin rana, ofis ya zama ba kowa, ya ɗauko robar goge fensir ya goge amsar, ya buga eh da keken rubutu. Har yabon kansa ya yi a ranar.

Bayan 'yan watanni aka liƙa sunayen waɗanda za a kwashe. Ga Haruo, ga matarsa mai tsohon ciki, babu Tokuji. Tsohon ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza ya nufi ofis, kuma babu wani tafinta a ranar sai Kaneo.

"Gaya wa mai gida an yi kuskure. Ni a'a na ce."

Kaneo ya fassara. Baturen ya jawo takardar ya duba, ya yi bayani a gajiye, Kaneo ya juya maganar da bakinsa: takarda ta ce eh, ɗansa kuma iyali ne daban, ba a haɗa su. Sai dai in yana nufin wanda ya cika masa ne ya canza amsar. In haka ne a buɗe bincike, domin taɓa takardar gwamnati a lokacin yaƙi laifin gidan yari ne.

A nan ne ya kamata Kaneo ya buɗe baki. Kalma uku ta isa: ni na canza. Sai ya tsaya yana kallon murhu.

Tokuji ya dube shi, kallon da bai fi na ɗauke numfashi ɗaya ba. Sannan ya juya hularsa a hannu.

"Gaya masa na tuna. Eh na ce. Tsufa ne, ya yi haƙuri na ɓata masa lokaci."

Wannan ma Kaneo ne ya fassara.

Ranar tafiya, a bakin motar da za ta kai su jirgin ƙasa, Haruo bai kira shi kare ba. Da ya kira shi, da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Malam Ken, ga ubana nan, ka san yadda ake kula da shi." Ya hau mota bai waiwayo ba.

Tsohon bai taɓa tayar da maganar ba, irin mutanenmu na da ke nan. Kullum suka haɗu sai ya tambayi Kaneo ko ya ci abinci. Da wasiƙa ta zo cewa an haifi jika, ya kawo ta Kaneo ya gani, har ya sassaƙa masa ɗan tsuntsu da katakon akwatin lemo, wai tukuicin ɗawainiya. Kaneo ya karɓa da hannu biyu, ya ji kamar garwashi aka sa masa a tafi. Sau uku yana zuwa ƙofar ɗakin tsohon don ya faɗi abin da su duka suka sani, sau uku yana ɓigewa da zancen gawayi. A sanyin da ya biyo baya tarin ya tafi da Tokuji, bai ga jikan ba.

Aka ƙona gawar bisa al'ada, aka ce a aika wa Haruo tokar. Wannan ma sai an cika takarda, kuma teburin Kaneo ta zo. Akwai layin da ke tambayar dangantakar mai aikawa da mamaci. Ya ɗauki fensir ya rubuta ɗa. Ya daɗe yana kallon kalmar. Sannan ya jawo aljihun tebur, robar nan tana nan inda ya bar ta, ya goge, ya buga ma'aikacin ofis.

Ita ce takarda ta ƙarshe da ya cika a rayuwarsa.