Dakta Njidda da Ledojinsa na Ƙasa

Shekara bakwai ke nan rabona da Gumel, kuma wanda ya jawo mini haka ya tafi ya bar ni. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Njidda a gidansa da ke Barade, nan Jalingo. Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma.

Dakta, wata uku ka ce mini. Ka ce kana buƙatar ma'aikacin ɗakin gwaji da zai taya ka ɗebo ƙasa daga gonakin shinkafa, kafin damina ta ɗauke na koma. 'Yata da na bari tana rarrafe, yanzu a waya gaishe ni take kamar abokin babanta. Ban yafe maka wannan da wuri ba, amma na yafe.

Abin da muke nema wata ƙwayar cuta ce mai zama cikin ƙasa da ruwan fadama. Tana shiga mutum ta rauni ko ta numfashi, ta haifar da cutar da likitoci ke kira meliyoidosis. Kai samunta kaɗai bai ishe ka ba, sai ka bi asalinta. Ka ce ita ma dangi-dangi ce, ta wannan fadama ba lallai ta zama ɗaya da ta waccan ba, har masana sun gano ta Afirka tana da 'yan uwa a Kudancin Amurka. Na ce ashe abin da ba shi da ƙafa ya ƙetare teku, ni mai ƙafa biyu na kasa kai Jigawa. Ka yi dariya har da hawaye, amma hutun ba ka bayar ba.

Saboda bin asalin nan, kowace leda sai mun rubuta mata garinta da gonarta, don a san wane iri ke ina. Da ofis suka ce ba su da wuri, ka jera su a sito bayan gidanka, kana jiran izinin aika su inda za a karanta ƙwayoyin halittarsu.

Ba zan manta garin Lau ba. Muna haƙa a wata gona sai ga mai ita, wani dattijo mai suna Manga, da sanda a sama.

"Wane ne ya aike ku? Ƙasan gona na kuna ɗauka ku kai wa boka?"

Ni tuni na isa mota. Kai kuwa ka zauna a kan kunya ka yi masa bayani da Fulatanci har ya sauke sandar. Da ka ga faso a ƙafarsa, ka tuɓe takalmin robarka ka ba shi, ka tako laka da ƙafa, kai mai hana mu taka ta. Har yau Manga yana sa takalmin ranar kasuwa. Gona kam da ƙafa yake shiga.

Akwai kuma matar da aka daɗe ana ba maganin tarin fuka tana ramewa. Kai ka tsaya a kai sai da aka sake mata gwaji, aka gano cutar nan ce, aka canza magani. Da ƙafarta ta zo gaisuwarka.

To, Dakta, ga abin da ya faru bayanka. Ranar sadakar uku aka wayi gari da ruwa, ƙofar gida ta zama taɓo. Ƙanenka Yuguda, mutum mai son fita kunyar baƙi, ya buɗe sito ya ga ledoji jere, ya sa aka farke su aka cike wurin, aka shimfiɗa tabarmi. Na iso na tarar da ƙasar Lau da ta Gassol da ta Ibi kwance wuri ɗaya, liman zaune a kansu. Da na ɗaga murya, Yuguda ya dube ni ya ce, "Malam, ƙasa ne fa. Daga Makka aka kawo shi?"

Gaskiya ba laifinsa ba ne. Kai ka ce wa matarka Hajiya Aisatu samfurin taki ne don kada ta tsorata, kuma kai kake kulle siton ka rataye makullin a jikin ƙofa.

Mun kwashe wurin mun zuba magani. Duk da haka, wanda ya taka ƙofar gidan nan ba takalmi, musamman mai ciwon sukari, idan zazzaɓi ya kama shi ya ƙi jin maganin maleriya, ya je asibiti ya faɗi abin da ya taka.

Allah Ya jiƙanka, Dakta, Ya yafe kurakuranka, Ya sa wahalar da ka sha a fadamu ta zama nauyi a mizaninka. Ya ba Hajiya Aisatu da 'ya'yanka haƙuri, Ya kuma sanyaya zuciyar Yuguda, wanda tun ranar yake kauce mini a masallaci.

Yanzu babu mai hana ni shiga motar Gumel. Sai dai abin da ya rage yana ɗakina a Abbare, kuma ba zan motsa ba sai na damƙa shi hannun wanda zai ƙarasa aikin. Leda ɗari biyu da sha shida ka bari. Na tsirar da talatin da takwas.