Ƙafar Tela a Motar Suruki

Ni tela ne ɗan tela, kuma da an bar ni da keken ɗinkina, da har yau ban san inda ake taka kuloci ba. Surukina ne ya jawo mini, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Direba ne tun zamanin da ake tuƙi a hannun hagu. A shekarun tamanin, lokacin ina auren 'yarsa ta uku, yana da wata farar a-kori-kura mai giya a jikin sitiyari. Yakan ɗauki bandar kifi da tattasai daga Gashuwa ya kai tashar jirgin ƙasa ta Nguru, ya dawo da gishiri da kananzir da duk abin da 'yan tireda suka aike shi. Tsohuwa yake ce wa motar, kuma da safe ba ta tashi sai ya lallashe ta.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya yi ta ɓoyewa, har ranar da ya bi ta kan tulunan wata mata a bakin kasuwa da rana tsaka. Ƙannensa biyu da ke Nguru suka zo suka ce a sayar da mota, ya zauna a gida ya huta, har ma sun samo mai saye. 'Ya'yansa duk mata ne, direban haya kuwa ƙannen suka ce bare ba zai riƙe amanar mai ciwon ido ba. Ya roƙe su su ba shi zuwa faɗuwar damina. In ya samu na gida da zai riƙa ja yana zaune a gefe, shi ke nan. In bai samu ba, su ɗauka.

Matata ce ta kawo mini maganar ina cikin yanka wata shadda. Ta ce, "Wallahi in aka raba Baba da motar nan ba zai ga wata Sallar ba."

Na ce, "To ni me zan yi? Ni da ko keken hawa sai da na yi gemu na koya?"

Sai ta sa gefen zane tana share ido. Ni kuma kukan matar nan ne ba na iya jurewa. Na ajiye almakashi na ce ta je ta ce na yarda.

Sai bayan ta fita na tuna babbar matsalar. A wajenmu suruki ba abokin hira ba ne. Shekara huɗu da aure ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, mu gaisa a taƙaice kowa yana kallon wani wuri. Shi ma ɗin ya fi ni kunya, bai taɓa ce mini "kai" ba. Ga shi yanzu za mu zauna a kujera ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Ranar farko bayan sallar asuba ya lallaɓa ya kai mu filin idi da ke bayan gari, ya koma kujerar gefe. Na zagayo, na tuɓe takalmina a bakin ƙofa kamar mai shiga ɗakinsa, na ɗosana a gefen kujera. Ni ba na iya tambaya, shi ba ya iya umarni. Can sai ya yi gyaran murya, ya shafa gaban motar, ya ce, "Tsohuwa, baƙonki ya yi dabara, ƙafa ba takalmi ta fi jin kuloci. Amma ki ce masa ya gyara zama, ba gaisuwar mutuwa ya zo ba."

Haka muka samu hanya. Duk abin da zai faɗa mini, sai ya faɗa wa Tsohuwa.

"Tsohuwa, ki ce ya taka na hagu har ƙasa. Ya jawo giya wajensa. Yauwa, lamba ɗaya ke nan. Yanzu ya riƙa ɗaga ƙafar a hankali, in ya ji kin fara rawar jiki sai ya ɗan ba ki mai."

Na ɗaga ƙafa gaba ɗaya. Motar ta zabura ta yi tsalle biyu ta mutu, hularsa ta faɗo kan cinyarsa. Ya ɗauka ya mayar, ya ce, "Yi haƙuri, Tsohuwa. Bai sani ba ne." A safiyar nan sau goma sha wani abu na kashe ta, kuma kowane karo ita yake ba haƙuri.

Da na fara iya tayar da ita sai wata cutar ta fito. Ƙafata ta saba da keken ɗinki, ba ta san a taka abu a riƙe ba. Da zarar na ɗora ta a kan totur sai ta fara sama da ƙasa da kanta, mota ta riƙa gaba tana tsayawa, kawunanmu na rausaya. Ya daure kwana uku, a na huɗu ya ce, "Tsohuwa, tambaye shi, babbar riga yake ɗinka miki ko wando?" Kunya ta hana ni dariya, haushi ya hana ni numfashi, kuma ƙafar ba ta daina ba sai da ya sa na yi mako guda ina tuƙi da dutse a kan gwiwa, in ya faɗo an san na karkaɗa.

Ni kuma tambayoyina ta hannun matata suke bi. In dawo gida in ce mata, "Je ki tambayo mini, me ya sa giya take ƙara in zan shiga lamba biyu?" Ta yafa mayafi ta tafi, ta dawo ta ce, "Baba ya ce ba ka kai kuloci ƙasa. Kuma ya ce ka daina jingina ƙafa a kansa in ana tafiya, yana jin ƙaurinsa." Kafin wata guda ta fi ni sanin karatun mota. Ranar da ta fara gyara mini bayani ba tare da ta je ta tambayo ba, na ce mata to bismilla, ga mukulli. Ta ce da Baba zai yarda da tuni an wuce wurin. Kai, matar nan!

Abin da ya kusa kore ni shi ne hawan gadar kogi. Wata rana garken shanu ya tsayar da mu a tsakiyar hawan. Da suka wuce na saki birki, kafin in kai ga totur mota ta fara sulalewa da baya. Na rikice na saki kuloci, ta mutu, ta ci gaba da tafiya baya har sai da ya miƙa hannu ya ja birkin hannu. Bayanmu akwai wani mai shagon kayan gyaran mota, mutumin kudu, a kan babur, yana ta ihu da Hausarsa ta kasuwa, masu wanki a bakin ruwa suna dariya. Na kai mu gida da ƙyar, na shiga na ce wa matata na gama, a sayar, ni ba a haife ni don a yi mini dariya a kan gada ba.

Kwana biyu ban je ba. A na uku da la'asar zan kai wa wani ɗinkinsa, hanya ta bi da ni ta ƙofar gidan surukina. Motar tana ƙarƙashin dalbejiya a kashe. Yana ciki shi kaɗai a kujerar direba, hannunsa biyu a kan sitiyari, bai ma san na wuce ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar kaina. Washegari tun kafin ya fito ina tsugune a bakin mota. Bai ce mini ina na shiga ba. Ya ce, "Tsohuwa, yau gada za mu koma. Ki ce ya riƙe ki da birkin hannu, sai ya ji kin ɗaga hanci sannan ya saki."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da maraice lokacin da ƙannen suka aiko cewa a kawo mota Nguru. Surukina ya ce ba za mu je hannu rabbana ba. Akwai buhunan gero da zai ɗauko a wani ƙauye arewa da Jajimaji, kuma ni zan ja, tun daga gida har gaban ƙannensa. Na san abin da yake nufi. In na kai ta da lodi ta wannan hanyar, babu mai sauran magana. In muka kafe aka zo aka turo mu, an gama.

Hanyar ƙauyen ba kwalta ba burji, rairayi ne zalla, ga zafin bazara ya sa ya yi laushi. Zuwa ba kaya mun wuce lafiya. Da aka yi lodi za mu dawo, ya sa na rage wa tayoyi iska, sannan ya dafa gaban motar ya ce, "Tsohuwa, akwai wani dogon yashi a gaba. Ki gaya masa lamba biyu, tun daga farko har ƙarshe. Kada ya taɓa kuloci, kada ya yi kokawa da sitiyari, ya bar ki ki bi sawu. Kuma ko me ya gani kada ya tsaya."

Muka shiga. Mota tana nishi tana lilo, ni kuma na riƙe totur daram, ƙafar tela ko motsi. Mun kai kamar rabi sai na hango wani dattijo a gefen hanya a kan jaki. Malamina ne na allo, wanda ya yi mini saukar karatu, na shekara ban gan shi ba. Ya gane ni, ya ɗaga hannu.

To ku gaya mini, yaya zan wuce malamina a guje in bar shi da hannu a sama? Kuma a gaban surukina, ya ce 'yarsa tana auren marar tarbiyya? Ban ma yanke shawara ba, ƙafata ce ta fara ɗagowa da kanta. Na manta cewa surukina ba ya ganin malam ba ya ganin jaki. Kukan inji kawai yake ji, kuma ya ji ya fara faɗuwa.

Sai ji na yi an damƙe mini gwiwa an danna ƙasa.

"Kai! Taka mata! Taka, don ubanka, za ka kashe mu a nan!"

Na taka. Tsohuwa ta yi gurnani, ta watsa yashi, ta ja jiki, ta ja, har muka hau ƙasa mai tauri. Na tsaya, na mayar da giya firi. Ya janye hannunsa a hankali ya juya yana fuskantar taga. Ni dai abin da na sani, tun da mahaifina ya rasu ba wanda ya zage ni haka, kuma wallahi daɗi na ji. Ba a yi wa baƙo irin wannan zagin.

Na ce wa gaban mota, don ni ma na koyi hanyar, "Malamina ne muka wuce." Na sauka na koma da ƙafa na durƙusa na gaishe shi. Malam yana ta dariya ya ce da na tsaya, da shi zan sa turin mota, ya sa mini albarka ya kaɗa jakinsa.

Muka hau kwalta muka yi nisa. Can surukina ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ɗazu na zage ka."

Na ce, "Ban ji ba, Baba. Ƙarar inji ta yi yawa."

Ya ce, "To. Sa lamba huɗu, kana wahalar da ita."

Muka shiga Nguru bayan azahar. Ƙannen suna zaune a kan benci a ƙofar gida, mai saye yana tsakiyarsu. Na rage giya ɗaya bayan ɗaya, na zo na tsaya daidai gabansu ba ko girgiza. Babban cikin ƙannen ya taso ya zagaya, ya dubi buhunan, ya dubi yashin da ke jikin tayoyi, ya dube ni. Ya leƙa taga ya yi gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, Yaya. To yaya ake ciki?"

Surukina bai sauko ba. Ya ce, "Ku ba bawan Allahn nan haƙuri. Jibi muna da lodin kifi."

Aka sauke gero, muka yi sallah, muka sha ruwa, muka kama hanyar Gashuwa. Mun bar gari kaɗan na ga ruwa yana bin kumatunsa. Na kawar da kai na zuba wa hanya ido. Ya share da hannun riga, sannan ya ce, "Shekara talatin ina bin hanyar nan. Yanzu fari kawai nake gani. Ka riƙa faɗa mini abin da muke wucewa."

Bai taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko 'ya'yansa.

Na ce, "Baba, ga wasu Fulani nan a dama sun sauka da shanu. Gaba kuma ana sharar gona, sun tara kara sun sa wuta."

Ya ce, "Har sun fara? To. Sai me kuma?"