Marin Jakin Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma ya san ba ya tafiya kai a sama. Kullum idonsa na ƙasa, yana tsintar tsingaro a kufan rinjin nan, tsohon ƙauyen bayi na bayan garinmu, hanyar Kafin Maiyaƙi, yana zubawa a aljihu. Kafin ka gan shi ka ji ƙarar aljihunsa. Inna Ladi, matarsa, ta gaji da ɗinkin aljihu, ta ce, "Malam, mazan mutane na shigowa da goro, kai da fasasshiyar tukunya."

Ya ce, "Ta kakata ce. Tambayi masu goron ina ta tasu kakar."

Mu dai kunya muke ji a ce mana jikokin bayi. Shi kuwa ko a tsakiyar kasuwa cewa yake, "Ni ɗan rinji ne, dawarmu manya suka ci suka yi tumbi."

Shekarar da aka sayar da kufan za a gina gidan mai, wasu malaman jami'a suka zo tono kafin katafila ta iso. Sun ce in sun sami shaida mai ƙarfi, ƙila a bar wurin. Ina cikin 'yan ƙwadagonsu. Kawu ya tsaya bakin rami yana kallon wata malama tana share ƙasa da ɗan burushi, ya ce, "'Yata, da haka kakannina suka yi aiki a nan, da bulala ta ƙare a ƙasar Kano."

Sati uku, ba abin da ya fito sai tsingaro da toka. Ana saura kwana biyu su tashi, malamar ta biyo ni gida shan ruwa. Sai ta tsaya cak a gaban jakin Kawu. Ƙarfen da aka yi masa dabaibayi da shi mari ne, irin na ƙafar bawa.

Ta dubi Kawu ta ce, "Baba, ina ka samo wannan?"

"Gindin kukar kufan. Garma ta tono shi, tun ban yi aure ba."

"Shi ne ka ɗaure jaki da shi?"

"Igiya tsinkewa take. Abin da ya riƙe mutum mai hankali, jaki ne zai gagare shi?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Da na duba, shi ma bai yi ba. Ya durƙusa ya kwance marin, ya goge da bakin riga, ya ce, "Kakata Kande da ɗingishi ta mutu, ba ta taɓa gaya mana dalili ba. Tafi da shi. Amma sunanta za ki rubuta, kada ki rubuta baiwa."

Gidan mai dai an gina, kuna ganinsa. Amma an ja katanga baya, an bar kukar da gindinta. Jakin kuwa sau biyu yana tsinke igiya ya afka dawar maƙwabci. Kawu ya ce, "A yi masa haƙuri, sabon 'yanci ne ke ɗibarsa."

Ranar da ya rasu, da na cire masa riga za a yi wanka, tsingaro ya zube a tabarma. Na kwashe na mayar gindin kukar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya kwance masa kowane ƙulli, ya haɗa shi da Kande a inda ba mai ɗingishi. Amin.