Zaɓen da Yaya Sabi'u Bai Kai Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabi'u. Ina cin abinci a unguwar Dengfeng, nan ƙasar Sinawa, bayan azahar, waya ta shigo daga Kano. Matarsa ce. Ta ce, "Yayanka ya cika." Ban ƙara taɓa kwanon ba.

Zaɓe ne ya kai shi gida. Ɗan Najeriya ba ya jefa ƙuri'a daga waje, don haka duk babban zaɓe Yaya yakan kulle ofishinsa na aika kaya a titin Huanshi Lu ya hau jirgi. Abokinsa Alhaji Mamman na Maraɗi, mai kiransa laoban yadda Sinawa ke kiran maigida, yakan tsokane shi: "Laoban, duk wannan tafiya saboda yatsa ɗaya?" Sai Yaya ya ce, "Yatsan nawa ne, Alhaji. Kai ajiye naka don tuwo."

A wannan karon ya isa lafiya, aka wayi gari an ɗage zaɓen. Ya ce zai jira. Ciwon zuciya bai bar shi ya ga ranar ba.

Ba jam'iyya ce ta dame shi ba, rana ce. Maƙwabcinmu ɗan Gana yakan sayi tikitinsa tun da wuri, don ya san ranar zaɓensu ba ta motsi. Yaya yana kishin wannan ƙwarai. Yakan ba mu labarin Amurka, inda kaka da jika, kowa a zamaninsa, suka yi zaɓe a wata ɗaya, ko ana yaƙi. Ya ce kasuwar da ba a san ranar cinta ba, kowa guje mata yake.

Yau wasu 'yan uwanmu sukan dawo daga unguwar Tianhe sun sha kallon gine-gine, su ce zaɓe ɓata lokaci ne, gara soja ya karɓa ya gyara. Alhaji Mamman ba ya cikinsu. Tun da soja ya karɓa zaɓe ya tsaya a ƙasarsu, ya daina yi wa masu zuwa zaɓe waccan tsokana. Da Yaya na raye, na san tambaya ɗaya zai yi musu: idan sojan bai gyara ba, wace rana za ku sallame shi?

Ni ba mai ilimi ba ne, kuma ban ce ƙuri'armu tana fita da tsabta ba. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na gaya wa masu ba ni kaya cewa watan zaɓe ba za su gan ni ba, gida zan tafi. Idan an ɗage, zan zauna. Idan an sake ɗagewa, ina nan.

Allah Ya jiƙan Yaya. Bai bar gini ba, taurin kan nan ya bar mana. Ya yi wa 'yarsa Hafsatu alkawarin shi zai raka ta rajistar zaɓe idan ta isa. Ta isa tun bara. Har yau ba wanda ya raka ta.