Gwaggon da Ta Sa Hannu Aka Sallame Ni

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, ina tsakiyar yanka yadi a shago, 'yarki ta kira ni ta ce Allah Ya yi miki rasuwa da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye almakashi na zauna a ƙasa.

Mutane da yawa ba su san ki ba, Gwaggo. Ma'aikaciyar ɗakin fayil ce ke a asibitin masu taɓin hankali, wani ɗaki mai taga ɗaya da tsohuwar fanka. A can kika lura da abin da kowa ya saba da shi: fayilolin da aka buga wa hatimin "ya warke", amma masu su suna nan kwance. Ƙa'idar asibitin ta ce ba a sallamar mutum sai ɗan'uwansa ya zo ya sa hannu. Wanda danginsa suka guje shi kuwa, sai ya yi ta zama.

Shekara uku na yi da hatimin nan. Yayyena sun kawo ni, ba su sake waiwayata ba. Wata safiya kika same ni a bakin taga, kika ɗauko takardar sallama, a gurbin dangantaka kika rubuta "gwaggo". Babban likita ya dube ki ta saman tabarau ya ce, "Malama, yaushe wannan ya zama ɗan ɗan'uwanki?"

"Tun ranar da nasa suka yar da shi, likita," kika ce.

Sau biyu aka ba ki takardar gargaɗi, ba ki fasa ba. Mu goma sha tara ne muka fita ta hannunki. Maigidanki yakan gan mu a tsakar gida ya yi dariya ya ce, "Ni dai wace irin zuriya na auro?" Kuma ba sa hannu kawai kike yi ba. Ranar da na tsallake shan magani, har shago kika biyo ni, kika wanke ni tas a gaban masu kawo ɗinki. Na ji haushinki a ranar, yau kuwa wannan faɗan nake kewa.

Shekara da shekaru kika yi kina rubuta wa hukumar asibitin wasiƙa, a bar wanda ya warke ya sa wa kansa hannu in likita biyu sun shaida. Sun yi miki dariya, daga baya suka amince. Sai dai takardar amincewar tana kan teburin wani jami'i, wata takwas ke nan ba a sa mata hannu ba, kuma mutum bakwai suna ciki suna jira.

Rabona da ƙofar asibitin nan shekara goma sha ɗaya, ko ta titin ba na bi. Gaskiya ina tsoronta. Amma ranar Litinin zan shiga, zan karɓi takardar ɗaya daga cikinsu in rubuta "kawu".

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya buɗe miki ƙofar rahamarSa. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yan da kika haifa. Allah Ya ba su haƙuri, mu ma Ya ba mu.