Ƙafar Arlen ta Dama

Yayana Arlen Hovde ya shekara hamsin yana noman alkama a arewacin garin Minot, kuma taurin kansa ya fi na jaki. Ciwon suga ya kashe masa ƙafar dama tun daga yatsu har idon sawu. Ko ƙusa ya taka ba ya ji. Ni kaɗai ya faɗa wa, ya kuma sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.

Matarsa Verna ƙodarta ta gaza, sau uku a mako yake kai ta wankin ƙoda a birni, tafiyar mil casa'in. In hukuma ta ji labarin ƙafar nan, lasisinsa ya tafi, Verna kuma sai gidan tsofaffi a birni.

Shi ne ya sayi mota mai ido a goshi. Kana danna maɓalli sai ta riƙe gudu da kanta, na gaba ya rage ta rage, ya tsaya ta tsaya. Arlen yakan lallaɓa ya shiga bayan babbar motar hatsi, ya danna, ya ajiye ƙafa.

Na ce, "Haba Yaya, wannan ganganci ne!"

Ya ce, "Ke Loretta, rufe min baki. Motar nan ta fi ki hankali."

Shekara biyu ana haka. Wata safiyar Fabrairu, Verna na kujerar gaba ni ina ta baya, dusar ƙanƙara mai laima ta liƙe idon motar. Motar ta yi ƙara, ta sakar masa tuƙi. A daidai lokacin jajayen fitilun motar gaba suka kama. Arlen ya danna ƙafa iya ƙarfinsa, sai injin ya yi ruri. Ashe totur ya taka, ba birki ba. Ya murɗa sitiyari, muka faɗa kwalbati. Verna ta karye a ƙugu.

Ɗan sandan da ya zo ya tambaye ni ko direban yana da wata larura. Arlen ya kafe ni da ido. Wallahi na so in yi ƙarya, amma Verna na nishi a gabana. Na faɗa.

Aka karɓe lasisin, aka kai Verna gidan tsofaffin. Ta rasu a Afrilu, da hantsi, Arlen yana gona yana jiran mai kai shi. Har yau abin yana cin raina.

Ni na tuƙa shi zuwa jana'iza. Mil casa'in, bai ce da ni uffan ba.