Takalmin Ladanin Tsibiri

Ni mutumin Kano ne, kuma sai da na haura shekara talatin kafin na ga teku da idona. Abin da na sani da suna tsibiri shi ne ɗan tudun yashin nan da yake fitowa a tsakiyar kogi da rani, mata su shanya wanki a kai. Saboda haka duk wanda aka ce min ɗan tsibiri ne, kuɗin goro nake yi masa da sauran. Wannan jahilcin ne ya sa na zalunci wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, shekarar da aka yi wasannin Olamfik, kuma har yau abin yana ci min rai.

A lokacin muna da ɗan ofis a benen Tianxiu, ni da wani abokina ɗan Damagaram. Ofis dai a baki: tebur ɗaya, kujeru uku, sikeli, buta a bayan ƙofa, sai wata taswirar duniya da muka tarar a bango. Aikinmu mu raka baƙo kasuwa, mu yi masa ciniki, mu tara kayansa a sito, mu ɗaure, mu loda a kwantena. Ni nake riƙe masu jin Turanci, shi kuma masu Faransanci. A Beijing aka yi wasannin, can nesa da mu, amma zafinsu har ƙofarmu ya zo. Biza ta yi wuya, wanda kwanakinsa suka ƙare ba a cika ƙara masa ba, ko masallaci za ka je sai da fasfo a aljihu.

Cikin wannan matsi muka yi baƙi biyu a mako guda, duk masu neman takalma. Ta farko wata mata ce daga Madagaska, gajeriya, mai kaifin baki, muna ce mata Madam. Na biyu wani dattijo ne mai furfura a haɓa da zane ɗaure a ƙugu. A masallacin Juma'a ya tare ni, wai ya ga hulata ya ji ya natsu da ni. Ya ce daga tsibiran Kokos yake. Na gyaɗa kai kamar na sani, alhali ko a mafarki ban taɓa jin sunan ba.

Ranar da suka haɗu a ofis na duba fuskokinsu na ga suna ɗan kama, sai na ce da abokina, "To, yau 'yan gida ɗaya sun haɗu." Ya fassara wa Madam. Ta kalle ni kallon da malama take yi wa daƙiƙi, ta miƙe ta je gaban taswira ta ɗora tafin hannunta a kan ƙasarta. Ta ce a tsibirinsu akwai wanda ake haifa, ya yi aure, ya tsufa, ya mutu bai taɓa ganin teku ba. Suna da shanu masu tozo irin namu, da gonakin shinkafa, da jar ƙasa, da tuddai masu sanyin da sai an sha bargo. Idan ta sauke kaya a babban birni, wasu sai sun yi kwanaki a mota kafin su kai kasuwar da za a sayar da su.

Shi ma dattijon ya tashi ya sa tabarau, ya daɗe yana laluben taswirar. Babu tsibirinsa a ciki. Ƙarshe ya ari birona ya ɗiga ɗan ɗigo a tsakiyar shuɗin ruwa, ya ce, "Nan wajen." Ya ce idan ka idar da La'asar ka fita zagaya tsibirinsu da ƙafa, za ka dawo kafin a kira Magariba. Babu inda za ka tsaya ba ka ji motsin ruwa ba. Ba su da shugaban ƙasa nasu, Ostiraliya ce take riƙe da su, ita ma tana can nesa. Jirgin ruwan kaya sai an yi makonni yake leƙo su. A ɓangarensu duk Musulmi ne, kuma kowa ya san sunan kakan kowa.

Na yi dariya na ce, "Baba, ai unguwarmu ta fi ƙasarku jama'a."

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, ɗana. Shi ya sa idan mutum ɗaya bai zo sallah ba, ana ganin gurbinsa."

Na ji maganar, amma ta bayan kunnena ta bi.

A kasuwar takalma ta Zhanxi na ga bambancinsu da kyau. Madam ba ta zama. Za ta ɗaga takalmi ta lanƙwasa shi, ta shinshina, ta ce a ba ta katan kaza, lambobi a gauraye. Idan mai shago ta ce "meyo", wato babu wata lamba, sai ta kaɗa hannu a cike da wadda take akwai. Na taɓa nuna mata cewa an zuba mata manyan lambobi da yawa. Ta ce in bar su, akwai manoma a ƙauye da za su yi musu daidai, abin da bai shiga ƙafar wannan gari ba zai shiga ta wancan. Wannan ciniki na gane shi, don haka muke yi a Kano. Kaya ba sa kwantai saboda lamba.

Dattijo kuwa da ƙunshi ya zo. Ya kwance wani ƙyalle a kan kantar mai shago, sai ga tsinkayen ganyen kwakwa dami guda, kowanne an karya shi daidai tsawon ƙafar mutum, an ɗaura masa 'yar takarda da suna. Gida gida ya bi kafin ya taso, ya auna duk wanda yake son takalmin ƙaramar Sallah. Da na gani sai tausayi ya kama ni, don kuwa haka mahaifiyata take auna ƙafata da tsinken tsintsiya idan za a je birni. Amma tausayin bai daɗe ba, haushi ya maye gurbinsa. Mutum ya shigo kasuwar sari yana zura tsinke a cikin takalmi ɗaya bayan ɗaya! Wannan na malamar makaranta ne, ba ta son mai tsini. Wannan na wani yaro ne da ƙafarsa take saurin girma, a ƙara masa kaɗan. Mai shagon, wata mata mai gajeren gashi da muke kira lawban, tun tana tsaki har ta koma taya shi zurawa. Kwana shida muka yi a kan abin da Madam ta gama kafin Azahar.

Akwai tsinke ɗaya da ya fi duk sauran tsawo, har ya leƙo daga cikin damin. Na ladaninsu ne. Dattijo ya ce masunci ne, tsoho, tun yana yaro ba takalmi yake yawo a kan yashi da duwatsun ruwa, har ƙafar ta baje. Bai taɓa roƙon kowa komai ba. Bana ne jama'a suka matsa masa, suka ce ba zai yiwu kowa ya fito da sabon takalmi ba, wanda yake tashinsu sallah yana tafe ƙafa a ƙasa. Da ƙyar ya yarda ya miƙa ƙafar aka auna. Lawban ta gwada tsinken ta ce lamba arba'in da bakwai ce, meyo, amma za ta tambayi masana'anta.

Kafin amsa ta zo, bizar dattijo ta ƙare. Mun yi ta zirga-zirgar neman ƙari, abin bai yiwu ba. Da safen da zai tafi ya damƙa min damin tsinkayen da hannu biyu. Saura mutum goma sha ɗaya ba a samo nasu ba. Ya ce, "Ɗana, amana ce. Musamman na ladan."

Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Kamar an gama."

Na samo goma. Na ladan ne ya gagara. Masana'anta ta ce ba za ta tayar da inji saboda ƙafa ɗaya ba. Na shiga shaguna sun fi ashirin, kowa meyo, meyo, har kalmar ta fara yi min ɗaci a kunne. Ga shi washegari za a rufe kwantenar da za ta kai kayan Ostiraliya, idan suka rasa ta sun rasa jirgin tsibirin, sai bayan Sallah. Ga zafi, ga kayan Madam suna jirana a sito, ga talabijin a kowane shago ana ta ihun masu tsere. Lawban ta miƙo min wani baƙin takalmi mai kyau, lamba arba'in da huɗu, ta ce shi ne mafi girma.

Na tsaya da shi a hannu. Ban manta da amanar ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Tunanin ɗan kasuwa kawai na yi. Na ce idan bai shige shi ba ya musanya da wani, ko ya sayar ya sayi daidai shi, ai ba a rasa yadda za a yi. Na kwance takardar sunan ladan daga jikin tsinken, na manna a kwalin, na jefa tsinken a aljihun tebur. Ko waya ban yi wa dattijo ba. Ban tsaya na tambayi kaina ba: da wa zai musanya, kuma a wace kasuwa zai saya?

Azumi ya zo ya wuce, muka yi Sallah. Kwana uku bayanta, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, tana zuwa tana yankewa.

"Ɗana, kaya sun iso lafiya. Allah Ya saka da alheri. Kowa ya sa nasa. Sai ladan."

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe. Da na ce masana'anta ce ta yi kuskure, da ya yarda. Na ce, "Baba, ni ne. Ban samu lambarsa ba, na sa wadda na samu."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ba ni labari ne kawai. Ladan ya gwada takalmin a ɗakinsa, diddige ya ƙi shiga. Bai gaya wa kowa ba. Ranar Idi ya fito da sababbin kaya, ƙafa a ƙasa kamar kullum, takalmin a hannu. Ya je ƙofar masallaci ya ajiye shi a layin sababbin takalman jama'a, ya shiga. Da aka idar ya ɗauki abinsa ya koma gida. Wanda ya tambaye shi, sai ya ce yashi da laima, ba ya so ya ɓata.

"Don ni ya yi," in ji dattijo. "Kada a ce na je har Sin na manta da shi. Amma a nan ba a ɓoye abu, ɗana. Kowa ya gane, kowa ya yi shiru."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na yi masa rantsuwa zan gyara. A ranar na ciro tsinken na bi lungunan bayan Zhanxi har na samu wani tsohon mai ɗinkin takalmi da hannu, ya yarda zai yi. Ya gama cikin mako biyu, na zura tsinken ya zauna daram. To amma sai hali ya dawo. Baƙi suka yi yawa, biza ta fara sauƙi, Madam ta dawo da odar kwantena biyu. Kwalin ya zauna a ƙarƙashin teburina. Kullum abokina sai ya taɓa shi da ƙafa ya ce, "Malam, takalmin mutane fa." Ni kuma in ce gobe, ai babbar Sallah da saura. Sai da ya ƙara mako uku a nan kafin na kai shi gidan waya.

Ni na kira wannan karon, ina ɗoki, ina jiran a yaba min.

Dattijo ya ce, "Ya iso jiya. Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ladan ya rasu, yau kwana tara. Ya kira Asuba, ya koma gida ya kwanta, shi ke nan."

Na yi salati. Na ƙirga kwanakin da kwalin ya yi a ƙarƙashin teburina, na ga da na aika a kan lokaci da ya taka shi, ko sau ɗaya ne. Hawaye suka zubo min a gaban abokina, ban ɓoye ba. Daga nan sai na faɗi abin da duk mutumin garinmu zai faɗa.

"Baba, to a ba wani mabuƙaci, ya zama sadaka a gare shi."

Ina jin iska tana kaɗawa a wayar.

"Wa zan ba, ɗana? Ni na auna ƙafafun mutanen nan da hannuna. Babu mai irin ƙafarsa."

Ya ce 'yar marigayin ta karɓa ta ajiye a ɗakin mahaifinta, a cikin kwalinsa. Ya yi min addu'a, ya ce in gaida mutanen gida, layin ya yanke.